Ƙofa Biyu: Tarihin Makewayin Jama'a Daga Panshekara

A bakin wani kamfanin jima da ke Challawa akwai wani dattijon ɗan daudu da na tashi na iske yana sayar wa leburori shinkafa da wake. Ni ɗan Panshekara ne, kuma tun ina ƙarami akan aike ni in kai wa yayana saƙo a can. Wata rana na ji dattijon nan yana gaya wa yaronsa cewa shi ba ya shan ruwa sai la'asar ta yi sanyi, don kada fitsari ya matse shi. In ya nufi ɓangaren maza na gidan wanka da bahaya, samari su yi ta yi masa eho. Ɓangaren mata kuwa ba ya ko kallonsa. Wannan magana ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin in bi sawun ƙofofin nan biyu, mai rubutun “Maza” da mai rubutun “Mata”, in ga daga ina suka zo mana.

Mai karatu ya san cewa gidan Malam Bahaushe a rabe yake tun asali, watau zaure na maza, cikin gida na mata. Amma fa masai ɗaya ne a bayan gida, ba a rubuta masa kome, wanda ya riga shiga ya ajiye buta a bakin ƙofa ko ya yi gyaran murya. Rubutacciyar ƙofa baƙuwa ce. A 1887 jihar Masachusets ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu masana'antu su ware wa mata ma'aikata makewayinsu daban. Irin wannan tunani ya biyo Turawa zuwa nan. Garinmu ya samu gidan ruwan Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga baya aka kafa masana'antu a Bompai, sa'an nan Sharaɗa da Challawa. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta ce duk inda maza da mata ke aiki tare dole a raba musu wurin kewayawa. Ni kam ban ga laifin dokar ba, don ƙannenmu mata da ke naɗe alewa da biskit sun samu sutura da ita. Sai dai ta ƙidaya mutane kashi biyu, alhali kakanninmu sun san akwai waɗanda ƙidayar ba ta kama ba.

A nan sai mu rarrabe abu biyu da jama'a kan cakuɗa. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ba. Malaman fiƙihu ba su kau da kai daga gare shi ba. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, wanda ake karantawa a zaurukan Kano har yau, da wannan mas'ala ya rufe. Abin ban sha'awa, alamar farko da ake dubawa ita ce mafitar fitsari, daga baya a dubi gemu ko nono ko haila. In duk an rasa rinjaye, sai a ba shi rabin gādon namiji da rabin na mace. Dubi wannan fa! Tun fiye da shekara 600 da suka wuce an yanka masa rabonsa a dukiya, amma mu da muke gina makewayi da bulo da siminti ba mu tanadar masa ko ƙofa ba.

Na biyu su ne 'yan daudu, maza masu magana da tafiya da sana'a irin ta mata. Wasu manazarta na danganta sunan da Ɗan Galadima na bori. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan namiji mai kwaikwayon mata, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk da haka gari ya zauna da su: su ne masu tuwo-tuwo a tasha, masu suyar kaji, masu girkin biki. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009.

Saboda haka wanda ya ce mini karɓuwarsu ƙaruwa take yi, sai in ce masa a ƙasarmu labarin ya sha bamban. A shekarar 2000, da aka ƙaddamar da shari'a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Jihar Kano ta yi dokar da ta haramta wa namiji shiga ko kwaikwayon mata. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ba ta yi zancen tufafi ba, amma ta ƙara wa 'yan daudu ɗari-ɗari. Ko a Turai da Amurka maganar ba ta zauna ba. Jihar Karolina ta Arewa ta yi dokar makewayi a 2016, aka ƙaurace mata, ta janye babban sashenta a 2017. A Afrilun 2025 kuma Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce kalmar “mace” a dokarsu ta daidaito halittar haihuwa take nufi.

Ba na neman a rushe katangar da ke tsakanin maza da mata, kuma ba na jin akwai mai neman haka a Panshekara. Abin da na lura da shi ƙarami ne. A wani masallaci kusa da gidanmu an jera ɗakunan kewayawa huɗu, kowane da ƙofarsa da sakatarsa, ba rubutu, kamar dai masan gidan kakana. Da hutun da ya wuce na hangi dattijon nan ya bar wa yaronsa tukunya, ya ratso titi da butarsa, ya shiga na ƙarshe ya ja sakata. Tafiyar ta kai ta minti goma daga inda yake kasa abincinsa.