Daga Kibiyar Maharbi Zuwa Tukunyar Uwargida

Na san wata za ta ce mene ne haɗin mace da zancen bindiga? To ki yi haƙuri ki biyo ni, domin duk abin da maharbi ya harbo a daji, a tukunyarki yake ƙarewa.

A zamanin da, maharbin ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum kwari da baka ne makaminsa. Kibiya ba ta da dogon zango, dole sai ya matso kusa da dabba. Shi ya sa ake ɗaura kan burtu a goshi, a duƙa ana sanɗa kamar tsuntsu yana kiwo, har barewa ta saki jiki. Da bindigar toka ta zo, wadda ake kira harbi-ruga, ba ta sauya abin sosai ba. Ta baki ake ɗura mata albarushi da 'yan ƙarafa ko dalma, harbi ɗaya sai a sake ɗuri, kuma da abu ya yi nisa sai ta yi ta ɓarin harsashi.

Turawa ne suka zo da wadda ke cin nisa. Sirrinta kuwa wasu layuka ne a murɗe cikin bututun, su ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, sai ya tafi sak. Ƙasar Zamfara ta ga aikinta a Kwatarkwashi cikin watan Fabrairu na 1903, inda sojan Ingila da ba su kai hamsin ba suka tare rundunar Kano mai dawowa daga Sakkwato. Mahaya ba su rasa jarumta ba, amma harsashi yana cim musu tun kafin mashi ya isa. A nan Wazirin Kano Ahmadu ya rasu.

Daga nan sai madubin hange da ake ɗora wa bindiga, wanda tun a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 an yi aiki da shi. Kin ga harsashi komai gudunsa nauyi yana jan sa ƙasa, iska kuma tana tura shi gefe. To sai aka yi wa madubin 'yan maɓallai biyu: na sama yana ɗaga saiti ko ya sauke shi, na gefe yana kai shi dama ko hagu. Maharbi zai kafa alama a mita 100, ya harba, ya je ya duba, ya murɗa, har sai inda ya nufa da inda ya samu sun zama ɗaya. A wasu madubai, murɗawa ɗaya santimita 1 ce a wannan nisa. Wanda ya yi ganganci da wannan gyara, sai ya raunata dabba ta gudu ta mutu a banza, ko harsashin ya faɗa inda ba a aike shi ba.

Yanzu ga inda zance ya zo gida. Yawancin harsashin farauta dalma ce a cikinsa, kuma idan ya bugi nama da ƙarfi yakan tarwatse, wasu ɓaraguzan ido ma ba ya ganinsu. Mu kuwa ba sai an gaya mana mece ce dalma ba. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Waccan dalmar daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta fito, ba ruwanta da bindiga, amma gubar iri ɗaya ce: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana ratsawa ta isa ga ɗan da ke ciki. Saboda irin wannan illa ga tsuntsaye, Amurka ta hana farautar agwagin ruwa da harsashin dalma tun 1991.

Don haka uwargida, idan maigida ya shigo da gada ko zabon daji, ki tambaye shi da me aka harbo. Ki nemi inda harsashi ya bi, ki yanke wurin da faɗi ki zubar, kada ki ji ƙyashin asarar tsoka. Dafuwa ba ta kashe dalma, komai daɗewar tukunya a wuta. Mai ciki da ƙananan yara kuwa, gara a ba su wani naman. Maigida ya kula da saitinsa a daji, ke kuma ki kula da wuƙarki a madafa.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.