Rashidi Yekini: Kafin Ya Riƙe Raga da Bayan Ya Sake Ta

Wannan makon filin ƙwallo za mu leƙa.

Akwai wani hoto da kusan dukkanmu muka sani, har waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka ɗauke shi. Wani dogon mutum ne sanye da riga mai lamba 9, ya shige cikin raga, ya zura hannuwansa ta cikin igiyoyinta, ya dunƙule su, baki buɗe yana kururuwa. Ranar 21 ga Yuni, 1994 ce, a filin wasa na Cotton Bowl da ke Dallas a Amurka. A nan gida dare ya riga ya raba. A minti na 21 Daniel Amokachi ya tura wa Finidi George ƙwallo ta dama, Finidi ya mirgino ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Rashidi Yekini ya sa ƙafa ya ƙarasa ta. Ita ce ƙwallon farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya. An tashi 3 da nema, kuma Bulgeriyar da aka yi wa wannan duka ita ce ta je ta fitar da Jamus, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Matsalar hoton ita ce ya haɗiye mai shi. In aka ce Yekini, raga muke tunawa, sai mu tsaya nan. Alhali ranar yana da shekara 30, ya yi shekara goma cur yana buga wa ƙasarsa, kuma wannan ƙwallon ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe da ya ci a kofin duniya. Hoton ya kama shi ne a ƙololuwar tudu, daidai inda gangara take farawa.

A Kaduna aka haife shi, ranar 23 ga Oktoba, 1963. Asalin gidansu Ira ne, a jihar Kwara ta yau, amma Kaduna ce ta raine shi, kuma a ƙungiyar UNTL ya fara ƙwallo ta haƙiƙa. Matasanmu na yanzu sai an yi musu bayani: UNTL masaƙa ce, ɗaya daga cikin manyan masaƙun da suka cika yankin Kakuri a zamanin da Kaduna take saƙa wa ƙasa yadi da atamfa. A wancan lokacin kamfanoni da bankuna da ma'aikatu su ne suke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo. Yaron da ba shi da kowa, in ƙafarsa na da kyau, zai iya samun riga da takalmi da ɗan abin sawa a aljihu. Da masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba aikin yi kaɗai muka rasa ba, har da wannan ƙofar. 'Yan jaridar ƙasashen da ke amfani da Faransanci sun daɗe suna kiransa Bijimin Kaduna. Mu da muke da garin, ba mu cika lissafa shi cikin namu ba.

Daga Kaduna sai Ibadan, ƙungiyar Shooting Stars, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke ta gida da waje. Daga nan Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajiri M.K.O. Abiola. A 1987 ya ƙetare zuwa Abidjan, ƙungiyar Africa Sports, ya yi shekara uku. Wannan ita ce hanyar da 'yan wasanmu da dama suka bi a lokacin: a fara sauka Kwaddibuwa, daga can a nemi Turai.

A ƙungiyar ƙasa kuwa, shekarun nan shekarun saura ƙiris ne. A 1984 Najeriya ta kai wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka, Kamaru ta ɗauke da 3 da 1. A 1988 a Maroko aka sake haɗuwa da Kamarun, ta sake ɗaukewa da bugun fenareti guda, bayan alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci, abin da har yau tsofaffin 'yan kallo ba su yafe ba. A 1990 Aljeriya mai masauki ta fara yi mana 5 da 1 a wasan buɗewa, muka daure muka kai wasan ƙarshe, ta sake cin mu 1 da nema. A 1992 a Senegal Ghana ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe, muka tashi da na uku. Gasa huɗu, babu kofi. Amma a lura da lissafin Yekini shi kaɗai: ƙwallo ɗaya a 1988, uku a 1990, huɗu a 1992, inda ya fi kowa ci. Kullum hawa yake, a shekarun da wasu 'yan wasan gaba suke fara sanyi.

Turai ma ba da wuri ya je ba. Yana da shekara 26 lokacin da Vitória ta Setúbal ta ɗauke shi a 1990. Setúbal garin masunta ne a bakin teku, kudu da Lisbon, kuma ƙungiyar ba ta cikin manyan ukun nan na Fotugal, wato Benfica da Porto da Sporting. Bai daɗe da zuwa ba ma ta faɗa rukuni na biyu. A nan ne, a ganinmu, ainihin labarin mutumin yake. Ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a nahiyar Afirka yana yawo a ƙananan filayen da babu mai nuna su a talabijin, bai tattara kayansa ba. A kakar 1992/93 ya zura ƙwallo 34, ƙungiyar ta dawo rukunin farko. A kakar da ta biyo ya zura 21, ya fi kowane ɗan wasa a gasar, har da na manyan ukun da suka fi shi masu ba da ƙwallo. Wanda ya san ƙwallo ya san bambancin cin 21 a ƙungiyar da ke danne abokan karawa minti casa'in, da cin 21 a ƙungiyar da ke samun dama biyu ko uku a wasa.

Salon wasansa ba na ƙawa ba ne. Ba ya cikin masu yanka da rawa da ƙwallo irin Jay-Jay Okocha. Gudu ne da ƙarfi da bugu mai nauyi, ga sanin inda zai tsaya. A tura masa ƙwallo bayan masu tsaron baya, ya sa kafaɗa ya ture wanda ya biyo shi, ya ɗirka. Koci Clemens Westerhof ya gina tawagarsa a kan wannan: masu gudu a gefe biyu, Sunday Oliseh yana aiko dogayen ƙwallaye daga tsakiya, Yekini yana jira a gaba.

Watanni goma sha biyu suka biya shi bashin shekara goma. Ƙwallayensa suka taimaka aka samu gurbin zuwa Amurka, wanda aka tabbatar da kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljiyas cikin Oktoban 1993. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi gwarzon ɗan wasan nahiyar na 1993, ɗan Najeriya na farko da ya samu (a shekarar mujallar France Football, da ke ba da tata kyautar daban, Abedi Pele na Ghana ta zaɓa, shi ya sa wani lokaci ake ganin sunaye biyu). A Tunisiya a 1994 ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya ci Kwaddibuwa ɗaya. A wasan ƙarshe Emmanuel Amunike ne ya zura biyun da aka doke Zambiya da su, amma Yekini ya tashi da kambun wanda ya fi cin ƙwallo. Wata biyu bayan haka, sai Dallas.

Kada mu manta halin da ƙasar take ciki a daren. Shekara guda ke nan da soke zaɓen 12 ga Yuni. Kwana goma kafin wasan, Abiola, tsohon maigidan Yekini a Abeokuta, ya ayyana kansa shugaban ƙasa. Kwana biyu bayan wasan gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama shi. Mutanen da suka fito titi suna ihu cikin dare, daga Legas har Kano, ba su da wani abu da yawa da suke murna da shi tare a wannan watan.

Daga nan sai gangara. Bai sake ci ba a wasannin Ajantina da Girka da Italiya, wadda ta fitar da mu da ƙwallaye biyun Roberto Baggio. Magana ta yaɗu, har yau ana yinta a majalisu, cewa wasu abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo don hassada. Mu dai ba za mu ɗora wa kowa laifi a kan zancen majalisa ba. Abin da yake a fili shi ne ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba, wasanni kaɗan ya buga. Sporting Gijón ta Sifaniya ma haka. Ya koma Setúbal na ɗan lokaci, sannan Zürich a Suwizalan, inda ya ɗan farfaɗo ya zura 14 a kaka guda.

Akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Yekini ya tara ƙwallo 13 a gasar kofin Afirka, tarihin Laurent Pokou na Kwaddibuwa kuwa 14 ne. Saura ɗaya. Sai rikicin siyasa ya shiga tsakanin Abacha da Afirka ta Kudu bayan rataye Ken Saro-Wiwa, gwamnati ta hana tawagar zuwa gasar 1996, hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hukunta Najeriya da hana ta ta 1998. Gasa biyu suka wuce ba tare da Najeriya ba. Samuel Eto'o ne ya zo ya karya tarihin a 2008.

An kira shi kofin duniya na 1998 a Faransa yana da shekara 34, yawanci yana shigowa daga benci. A wasan da aka doke Sifaniya 3 da 2, shi ya miƙa wa Garba Lawal, wani ɗan Kadunan, ƙwallon da mai tsaron gida Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa. Ya ajiye rigar ƙasa da ƙwallo 37, adadin da har ya bar duniya babu wanda ya kusance shi.

Ƙwallon dai bai iya ajiye ta ba. Bizerte a Tunisiya, Al-Shabab a Saudiyya, ya koma Africa Sports, ya dawo gida Julius Berger ta Legas. A 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaure takalmi ya buga wa Gateway ta Abeokuta, garin da ya yi wasa shekara ashirin da suka wuce. Takwarorinsa na 1994 sun zama masu horarwa da masu sharhi a talabijin da jami'an hukumar ƙwallo. Shi ya zauna a Ibadan, ya janye jikinsa daga taro da 'yan jarida, mutane suna ganinsa yana zuwa filin wasa yana motsa jiki. A shekarunsa na ƙarshe jaridu suka riƙa kawo rahoton rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa, wasu cikin tausayi, da yawa cikin salon tsegumi irin wanda mu masu rubutu ya kamata mu ji kunyarsa.

Ya rasu a Ibadan ranar Juma'a, 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. Aka kai shi Ira aka yi masa sutura kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Washegari jaridu suka fito da labarin rasuwar, kuma mafi yawansu hoton ragar nan suka sa.