Yadda ake zama lauya a Ingila ba tare da zaman jami'a ba

A shekarar 2016 ne aka buɗe wata hanya a Ingila wadda ke bai wa matashin da ya kammala sakandare damar zama cikakken lauya ta hanyar koyon aiki a ofishin lauyoyi, yana karɓar albashi, maimakon ya shafe shekaru uku a jami'a yana tara bashi.

Ɗan koyon kan ɗauki kimanin shekaru shida kafin a sanya sunansa a rajistar lauyoyi. Tsawon lokacin kusan ɗaya ne da na wanda ya bi ta jami'a, kuma jarrabawar ƙarshe iri ɗaya ce, saboda haka duk wanda ya ɗauka cewa wannan yanke ne, to ya yi kuskure.

Solisita da barista

A Najeriya, wanda ya yi digirin shari'a kuma ya kammala Makarantar Horar da Lauyoyi yakan fito ne da matsayi biyu a haɗe, wato barista da solisita. A Ingila da Wales an raba aikin gida biyu.

Barista shi ne aka fi sani da tsayawa gaban alƙali a manyan kotuna. Shi kuwa solisita shi ne mutum ke fara zuwa wurinsa idan zai sayi gida, ko rubuta wasiyya, ko ƙulla yarjejeniyar kasuwanci, ko kuma idan 'yan sanda suka tsare shi. Solisitoci sun ninka baristoci yawa sau da dama, kuma hukumar SRA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke sa ido a kan aikinsu.

Tsarin koyon da ake magana a kai ya shafi aikin solisita ne. Scotland kuma tana da nata tsarin shari'a daban.

Tsohuwar hanya ce

Ko da yake ana yi wa tsarin kallon sabon abu, a haƙiƙa haka aka fara. Shekaru aru-aru, yaro kan ƙulla yarjejeniya da wani lauya ya yi masa hidima na shekaru biyar, yana kwafar takardu yana koyon aiki, sa'annan ya zauna jarrabawa. David Lloyd George, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Burtaniya, ta wannan hanya ya zama solisita a 1884, bayan ya yi koyo a wani ofishin lauyoyi a garin Porthmadog na Wales, kuma bai taɓa yin jami'a ba.

A hankali digiri ya mamaye fagen a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Daga 1993 tsarin da aka saba da shi ya koma shekaru uku na digiri, da shekara ɗaya ta kwas ɗin LPC, da kuma shekaru biyu na horo a kamfanin lauyoyi. Matsalar ita ce guraben horon ba su kai yawan masu nema ba, don haka da dama kan biya kuɗin kwas mai tsada su ƙare ba su samu inda za su kammala ba.

Yadda koyon yake

Ɗan koyo ma'aikaci ne tun daga ranar farko. Yana da albashi da hutun shekara kamar kowane ma'aikaci, kuma ana ware masa kimanin kashi 20 cikin 100 na lokacin aikinsa domin karatu. A aikace wannan na nufin kwana huɗu a ofis, kwana ɗaya a gaban littafi.

Cibiyoyi irin su Jami'ar BPP ne ke koyar da ɓangaren karatun, kuma a yawancin shirye-shiryen ɗan koyon kan samu digirin shari'a a kan hanya, galibi bayan shekaru huɗu. Ke nan zaman jami'a ne kawai ba ya yi, amma ilimin jami'ar bai wuce shi ba. An ajiye tsarin a mataki na 7, daidai da matakin digiri na biyu.

A ƙarshe sai jarrabawar SQE, wadda aka fara a 2021, kuma wadda a hankali take maye gurbin kwas ɗin LPC. Kashi na farko tambayoyi 360 ne na zaɓi amsa, a takardu biyu, da suka shafi dokokin kwangila, da filaye, da laifuka, da gado, da harkar kamfanoni. A zaman farko na watan Nuwamban 2021, kashi 53 cikin 100 ne suka ci. Kashi na biyu gwaji ne na aiki, inda za a ga yadda mutum ke yi wa mai neman shawara tambayoyi, da yadda yake gabatar da hujja, da yadda yake tsara takardun shari'a. Sau uku kacal aka yarda mutum ya gwada kowane kashi cikin shekaru shida.

Rahotannin hukumar SRA sun nuna cewa 'yan koyo sun fi sauran masu zana jarrabawar samun nasara. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya shafe shekaru biyar yana yin ainihin aikin da ake gwada shi a kai, ko da yake ya kamata a tuna cewa tun farko sai da aka tace su sosai kafin a ɗauke su.

Bayan cin jarrabawa, hukumar kan binciki halin mutum, kamar ko yana da tarihin laifi ko rashin gaskiya a harkar kuɗi, kafin ta amince da shi.

Wa ke biyan kuɗin?

A nan ne bambancin ya fi fitowa. Kuɗin makaranta a jami'o'in Ingila ya tashi daga fam 3,000 a shekara a 2006 zuwa fam 9,000 a 2012, ya kuma kai fam 9,535 a 2025, ban da abinci da wurin kwana. Mafi yawan ɗalibai rancen gwamnati suke ci, wanda ke da kuɗin ruwa.

Kuɗin ruwan ya daɗe yana hana wasu Musulmin Burtaniya shiga jami'a. Tun a 2013 Firayim Minista David Cameron ya yi alƙawarin samar da tsarin da ba shi da riba, amma aka shafe fiye da shekaru goma ba a fara shi ba.

Shi ɗan koyo ba ya biyan ko kwabo, har da kuɗin jarrabawar SQE. Ana biya ne daga wani haraji da aka ƙaƙaba a watan Afrilun 2017, inda duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya haura fam miliyan 3 a shekara ke biyan kashi 0.5 cikin 100.

Ƙofar ba ta da faɗi

Da farko manyan kamfanonin lauyoyi na birnin Landan sun ɗan ja baya, amma a 2023 fiye da 50 daga cikinsu suka haɗu a wani shiri mai suna City Century domin ɗaukar 'yan koyo. Duk da haka, kamfani guda kan ɗauki mutane ƙalilan ne a shekara, kuma masu nema suna da yawa. Kamfanoni kan nemi kyakkyawan sakamako a darussa uku na jarrabawar A-level, sa'annan a yi gwaje-gwaje da ganawa, abin da ya sa samun gurbin kan fi samun gurbin jami'a wuya.

Akwai kuma nauyin da ke kan yaro mai shekaru 18, wanda aka nemi ya yanke shawarar sana'arsa tun yanzu, ya haɗa aikin ofis da karatu na shekaru shida, yayin da tsaransa ke da damar sauya fanni.

Haka nan, daga watan Janairun 2026 gwamnati ta taƙaita biyan kuɗin koyo na mataki na 7 ga waɗanda suka fara suna da shekaru 16 zuwa 21, in ban da wasu 'yan kaɗan da aka ɗaga wa zuwa ƙasa da 25, kamar waɗanda suka tashi a hannun hukuma. Matakin ya fi shafar ma'aikatan ofisoshin lauyoyi da suka manyanta, waɗanda ke fatan amfani da tsarin su ɗaga matsayinsu.

Ga masu tunanin zuwa daga ƙetare, tsarin ba hanyar samun biza ba ce, domin ana buƙatar izinin yin aiki, kuma galibi sai mutum ya zauna a Burtaniya na shekaru uku kafin a biya masa. Lauyan da ya riga ya ƙware a Najeriya ko Ghana ba ya buƙatar koyo. Yana iya zana jarrabawar SQE kai tsaye, kuma yana iya neman a ɗauke masa kashi na biyu idan hukumar SRA ta gamsu da ƙwarewarsa.