Buta da Rijiya: Tarihin Kiwon Lafiya a Zangon Lome

Gabatarwa

Kalmar zango a asalinta tana nufin wurin da ayari ya sauke kaya ya kwana, ko kuma tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. A ƙasashen Gana da Togo da Benin kalmar ta koma zongo, ta kuma zama sunan unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, waɗanda Hausa ce harshen cinikinsu ko da ba dukansu ne Hausawa ba. Zangon birnin Lome, wanda ya daɗe a gefen Amoutivé kafin a tashe shi a 1977, yana ɗauke da darasi game da kiwon lafiya na yau da kullum. Akwai abin da mutum ke iya tafiya da shi duk inda ya nufa, kamar buta da asuwaki da ladabin cin abinci. Akwai kuma abin da ba ya ɗaukuwa, kamar rijiya da masai da magudanar ruwa. Mutanen zango sun riƙe na farkon da kyau. Na biyun kuwa a hannun masu ƙasa da hukuma yake, kuma shi ne ya yi ta kuɓuce musu.

Daga Gwanja zuwa bakin teku

A ƙarni na 19 babbar hanyar fataucin Hausawa ta yamma ita ce ta Gwanja. Ayarori kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya har Salaga, inda suke sayo goron ƙasar Asante. Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya karye. A 1892 kuma yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya yi aiki da jami'in Jamus Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906.

A daidai wannan lokaci Lome take tasowa. Kafin 1880 wurin bai wuce ƙauyukan ƙabilar Ewe ba, irin su Bè da Amoutivé. Da Ingila ta shimfiɗa harajin kwastan a gaɓar da ke yamma da su, 'yan kasuwa suka tsallako don guje wa biya, kasuwa ta kafu. A 1884 Jamus ta kafa mulkinta a Togo, a 1897 ta mayar da Lome hedikwata. A 1904 aka gama gadar sauke kaya daga jiragen ruwa, sa'an nan layin dogo ya kai Aného a 1905 da Kpalimé a 1907. Fataken Hausa suka bi wannan ciniki, suka kafa zangonsu, suka shahara a harkar goro da shanu da fawa. Da garin ya cika, sai aka matsar da zangon zuwa bayan gari ta wajen Amoutivé.

Guzurin lafiya na bafatake

Bafatake ba shi da asibiti a hanya. Abin da ya dogara a kansa shi ne al'adun da ya tashi da su, kuma yawancinsu addini ne ya tsara masa lokutansu. Salloli biyar suna sa shi wanke hannuwa da baki da hanci da fuska da ƙafafu sau da dama a yini. Yana tsarki da ruwa bayan bayan gida, ya keɓe hannun hagu ga wannan aiki, dama kuma ga abinci. Juma'a na zuwa da wanka da yanke farce da aski. Asuwaki yana bakinsa tun asuba, da rana kuma yakan ɗan yi ƙailula. Littattafan da ake fara karantawa a makarantun ilimi, wato Ahalari da Ishmawi da Risala, duk sun ba babin tsarki wuri tun a farkonsu. Don haka yaro kan koyi hukuncin ruwa kafin ya koyi hukuncin ciniki.

Kalmomin kansu suna nuna wannan tarihi. Lafiya da alwala da asuwaki da sabulu duk daga Larabci Hausa ta aro su. Asibiti da likita kuwa daga Ingilishi suka shigo, bayan zuwan Turawa. Mai nazarin harshe zai iya ganin zamani biyu na kiwon lafiya a jere cikin waɗannan kalmomi shida.

Goro ma yana cikin guzurin. Sinadarin da ke cikinsa yana kore barci, yana rage jin yunwa da gajiya, shi ya sa ya zama abokin mai doguwar tafiya. Abincin zango kuwa ya ratsa har cikin harsunan maƙwabta. A Gana ana kiran shinkafa da wake waakye, daga kalmar wake. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi. Koko da ƙosai su ne karin kumallon biranen gaɓar teku da yawa. Hatsi ne da wake da ganye, abinci mai arha da ke riƙe ciki.

Sai kuma wanzami da ungozoma da mai magani. Wanzami shi ke aski da kaciya da ƙaho da cire beli. Ba dukkan waɗannan ne suka amfani jiki ba. Aska ɗaya da ta bi kan mutane da yawa tana iya yaɗa cuta, cire beli kuma yakan jawo zubar jini ga jariri. Wankan jego, wanda Hausawa ke tafiya da shi duk inda suka zauna, yana ba mai jego hutu da kulawa na kwana 40. Amma binciken da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan zafi da yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Al'ada takan haɗa mai amfani da mai cutarwa a ƙunshi ɗaya, kuma sai an warware ƙunshin ake gane kowanne.

Tsarki da tsafta

Hausa tana bambanta kalmomi biyu da ɗalibi kan ɗauka ɗaya ne. Tsarki hukunci ne na ibada, kishiyarsa najasa. Tsafta kuwa ta ido ce da hanci, kishiyarta ƙazanta ko dauɗa. A mazhabar Malikiyya ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu ba a yin alwala da shi. Wannan ma'auni ne mai kyau ga matafiyi, domin yana nisantar da shi daga ruɓaɓɓen kududdufi. Sai dai ruwa yana iya zama garau, ba wari ba launi, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani.

A nan ne yanayin Lome ya zama jarrabawa. Tsohon garin yana zaune a kan tudun yashi tsakanin teku da wani dogon tafki, Amoutivé kuma tana kusa da tafkin. Ruwan ƙasa ba shi da nisa, shi ya sa haƙa rijiya ba ya wuya. Amma abin da ya sa rijiya sauƙi shi ne kuma ya sa ta haɗari, domin yashi ba ya tare abin da ke tsiyaya daga masai. Ga damina biyu a shekara, saɓanin ƙasar Hausa mai damina ɗaya da dogon rani. Ruwan da ya kwanta yakan haifi sauro. Mutumin da ya saba da busasshiyar ƙasa ya tarar da cewa butarsa ba ta fi ƙarfin rijiyar da ya cika ta daga ciki ba.

Idon hukuma a kan randa

Zamanin da Lome ta zama hedikwata ya zo daidai da babban sauyi a ilimin likitanci. A 1897 Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A 1900 aka tabbatar a Kyuba cewa shawara mai kisa ma sauro ke yaɗa ta. Daga nan gwamnatocin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma suka ɗauki matakai biyu. Na farko, raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Na biyu, tura ma'aikata gida gida suna leƙa randuna da tuluna don neman tsutsar sauro, suna cin tarar wanda aka samu da ita. A Arewacin Najeriya wannan ma'aikaci ne aka raɗa wa suna duba-gari.

Ilimin da ke bayan wannan aiki gaskiya ne, domin sauron shawara a cikin ruwan da aka ajiye a gida yake ƙyanƙyasa. Amma tsarin ya ɗora laifi a kan mai randa, ya bar tambayar abin da ya sa dole ya ajiye ruwa a randa. Gidan da ba shi da famfo ba shi da zaɓi. Haka abin ya ci gaba a Lome daga hannun Jamus zuwa na Ingila a 1914, zuwa na Faransa a 1920, har samun 'yancin kai ranar 27 ga Afrilu 1960. Ana kallon zango a matsayin mazaunin baƙi, ko da an haifi kaka da jika a cikinsa. Wanda kuma ake ɗauka baƙo ne ba a hanzarin gina masa magudana. Shi ma da wuya ya zuba dukiya a filin da bai tabbata nasa ba ne.

Kwalara da tashin 1977

A 1970 annobar kwalara ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini, ta bi gaɓar teku har Gana da Togo da Najeriya kafin shekarar ta ƙare. Cuta ce ta ruwan sha da abincin da bayan gida ya gurɓata. Wanke hannu yana rage ta, amma ba ya kawar da ita matuƙar rijiya da masai suna maƙwabtaka. Ta nuna wa biranen yankin iyakar abin da tsaftar mutum ɗaya za ta iya.

A 1977, zamanin mulkin Gnassingbé Eyadéma, gwamnati ta rushe zangon Lome, ta mayar da mutanensa wani fili kimanin kilomita 15 arewa da gari, a yankin Agoè. Tsohon wurin ya zama mazaunin manyan gine-ginen bankuna. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Michel Agier ya yi nazarin waɗannan 'yan kasuwa bayan tashin, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Abin da nazarinsa ya fito da shi shi ne ƙarfin tsarin mai gida, wato attajirin da ke saukar baƙi, ya ciyar da su, ya shiga tsakaninsu da masu saye, ya kuma tsaya musu a biki da makoki. Wannan zumunci ya bi mutane zuwa sabon mazauni, tare da masallaci da makarantar allo da buta. Ruwa da hanya da magudana kuwa sai da aka sake farawa daga tushe. Sabon zangon ma yana kusa da fadamar kogin Zio, yankin da ambaliya ke yi wa ɓarna idan damina ta yi ƙarfi.

Kammalawa

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma tarihin zangon Lome bai ƙaryata su ba. Alwala da asuwaki da abinci mai sauƙi da kula da juna sun raka mutane daga Kano zuwa Salaga, daga Salaga zuwa Amoutivé, daga nan zuwa Agoè, ba tare da sun zube a hanya ba. Abin da tarihin ya ƙara shi ne cewa rigakafi kashi biyu ne. Kashi ɗaya na mutum ne da iyalinsa, ɗayan na gari ne da hukumarsa. Duk wanda zai yi wa mutanen zango wa'azin wanke hannu ya kamata ya fara tambaya daga ina ruwan yake fitowa, da kuma wanda ya mallaki filin da rijiyar take.