Gidan Mari da Tarihin Horon Kangararru a Ƙasar Hausa

Gidan mari makarantar allo ce da ake tsare kangararrun yara da matasa a cikinta, bisa buƙatar iyayensu, har sai malam ya gamsu cewa sun shiryu. Marin da ake sa musu aikin maƙera ne: zobba biyu na ƙarfe a idon sawu, da sanda ko 'yar sarƙa a tsakaninsu, yadda mutum zai iya ɗan takawa zuwa wurin alwala amma ba zai iya gudu ba. Wanda ya daɗe a ciki yakan naɗa tsumma a ƙarƙashin ƙarfen don kada wurin ya zama gyambo.

Ba a makaranta ƙarfen ya fara aiki ba. A ƙarni na 19 bayi ake sa wa mari, kuma a birnin Kano akwai Gidan Ma'ajin Watari, inda iyayengiji ke kai bawan da ya ƙi aiki ko ya yi yunƙurin gudu a hore shi. Mahaukaci mai duka kuwa a turu ake sa shi, wato gungumen icen da ake zura masa ƙafa a ciki. Da bauta ta ja baya, marin ya saura a hannun wasu malamai, suna sa wa almajirin da ya cika tserewa. Abin da ya ba su wannan iko shi ne amana. Daga ƙauyukan Kano har zuwa Adar, wajen Madawa da Buza da Keita, uban da ya damƙa ɗansa ga malami ya damƙa masa har da haƙƙin tsawatarwa. Sai dai malaman Malikiyya sun daɗe da sa wa wannan haƙƙi iyaka. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya ƙayyade wa malami bulala uku, ba ya wuce haka sai da izinin uba, kuma ko da izinin ba ya haura goma.

Mulkin Turawa bai kawo wata mafita ba. Dokar mahaukata ta 1916 a Najeriya, wadda aka sabunta a 1958, doka ce ta tsarewa, ba ta magani ba, kuma masu taɓin hankali da yawa a kurkuku suka ƙare. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kware da Barnawa da Dawanau sun zo daga baya, ba su kuma isa ba.

Shaye-shaye ne ya sauya gidan mari baki ɗaya. Da wiwi da sholisho suka yawaita, sannan kodin da tiramol suka biyo baya, sai iyaye suka riƙa kai ƙarti masu gemu, ba almajirai kaɗai ba. Ɗaki guda ya haɗa ɓarawo da mashayi da mai taɓin hankali, maganinsu kuma ɗaya: karatu, shan rubutu, bulala da mari. A nan matsalar ta yi tsanani. Uba ne ke ba da izini, alhali wanda za a ɗaure baligi ne, ba a kuma tambaye shi ba. Babu wa'adi, domin malamin da ke karɓar kuɗin ciyarwa shi ne mai cewa an shiryu ko da saura. Ba kuma a iya bambance wanda ya daina don ya gane da wanda ya yi laƙwas don tsoro. Duk da haka, uwar da ɗanta ya sayar da kayan ɗakinta, ya kuma zare mata wuƙa, ba mugunta ce ke kai ta ƙofar malam ba. Ba ta da wata ƙofar ne.

Likitocin ɗabi'a na Amurka sun bi ta irin wannan siraɗi. Fannin gyaran hali ta hanyar lada da horo, wanda ya tsiro daga binciken B.F. Skinner, ya sami mujallarsa a 1968. A shekarun 1960 Ivar Lovaas ya yi amfani da jan lantarki a kan yara masu lalurar galahanga. A 1972 aka bankaɗo azabtar da yara da sunan gyaran hali a cibiyar Sunland ta Miami, abin da ya tilasta kafa ƙa'idoji, har aka samar da hukumar ba da shaidar ƙwarewa a 1998. Ƙa'idojin sun nemi a sami yarda, a fara da hanya mafi sauƙi, a rubuta sakamako, a kuma daina abin da bai yi amfani ba. Ko a can gardamar ba ta mutu ba: hukumar magunguna ta haramta na'urar jan lantarki a 2020, kotu ta soke haramcin a 2021.

A ƙasar Hausa asiri ya tonu ne a Satumba 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum wajen 300, da yawansu cikin mari, da tabon bulala a gadon baya. A Oktoba aka yi irin haka a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano kuma ta ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. Rufewar daidai ce, domin abin da aka gani ya wuce duk iyakar da shari'a ta sa wa malami. Amma an mayar wa iyaye 'ya'yansu da ciwon da suka kai su da shi. A Janairu 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majiyyaci haƙƙin a nemi yardarsa. A lokacin, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200.