Kafintocin Rikoto da Wutar Lantarki: Daga Gizago zuwa Zarton Inji

Aikin itace a ƙasar Zuru ya girmi kafintanci. Masassaƙi ne ya fara riƙe fagen, yana fitar da turmi da taɓarya da ƙotar fartanya daga ƙirya ko maɗaci, da gatari da gizago kawai. Kafinta ya biyo baya a zamanin Turawa, tare da rufin kwano da bencin makaranta da ƙofofin ofis. Shi ma zarto da guduma ne jarinsa, kuma haɗarin sana'arsa a fili yake: kaifi. Abin da maigida ke fara koya wa yaron shago ke nan, inda zai ajiye yatsunsa.

Lantarki ya sauya lissafin. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan daga baya rarraba wuta a Kebbi ya koma hannun kamfanin da ke Kaduna. A bakin mutane dai har gobe "wutar Nepa" ce. Da injinan hannu suka yi araha, wato zarton da'ira, injin huda da na goge katako, sai kafintoci a unguwanni irin Rikoto suka riƙa kafa benci a zaure ko a rumfar ƙofar gida, suna jan wuta daga ɗaki. Sai dai wayarin ɗin yawancin gidajen an yi shi ne don ƙwan fitila da fanka.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, kuma fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yana ɗauke da fis da bai wuce amp 13 ba, kusan wat 3,000 ke nan. Zarton da'ira ɗaya yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800, a daidai lokacin tashi kuwa yakan ja ninkin haka. Idan aka haɗa shi da doguwar waya siririya, irin mai kaurin roba da ƙarancin tagulla, wayar takan yi zafi, musamman in an bar ta a nannaɗe. Kusa da ita ga dusar katako, ga gwangwanin tina da fenti. Gobarar shago ba ta buƙatar fiye da haka.

Mafi munin ɗabi'a ita ce ta cire fulogi in ya fashe, a fere bakin waya biyu a cusa cikin soket, a tokare su da tsinken ashana. Injin zai tashi, shi ya sa ake raina laifin. Abin da aka jefar shi ne waya ta uku, wadda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe. Ƙananan injina masu alamar murabba'i cikin murabba'i an yi musu rufi biyu, ba sa buƙatarta. Babban zarton tebur mai jikin ƙarfe kuwa dole ne a haɗa masa ita, kuma sai an kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi, domin busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta sosai. Da damina, wadda a Zuru ta fi ta arewacin jihar ruwa, matsalar takan juya: kafinta na tsaye da silifas a jiƙaƙƙen daɓe, jikinsa ya zama hanya mafi sauƙi.

Da yawa sun ɗauka fis na kare mutum. Waya yake karewa daga ƙonewa, in ma ba a maye gurbinsa da zaren tagulla ba. Mai kare rai ita ce na'urar RCD, wadda ke yanke wuta nan take idan miliamp 30 ya zurare. Akwai kuma ruɗanin launi: tsohon wayarin ja ne da baƙi da kore, sabon kuwa ruwan ƙasa da shuɗi da kore mai ratsin rawaya, kuma a gida ɗaya akan tarar da duka biyun. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba irin wannan aiki, amma rumfar kafinta ba ta cika ganin mai dubawa ba.

Janareta ya zo da nasa haɗarin. Ƙaramin nan da bai kai wat 1,000 ba ba ya ɗaukar zarto. Zai yi gurnani, kwayil ya ƙone. Babba kuwa, in an haɗa shi da gida ba tare da makunnin sauya layi ba, yana mayar da wuta kan babban layi, inda ma'aikaci zai iya kasancewa bisa falwaya. Hayaƙinsa a rufaffen zaure ma kisa yake yi, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari mai gargaɗi.

Akwai wani haɗarin da yawan ɗauke wuta ya haifar. Ana tsakiyar yanka aka ɗauke, kafinta ya ajiye injin a kunne ya koma zarton hannu, yaro ya zo share haƙoran. Da an dawo da wuta, injin zai tashi da kansa. Manyan injinan zamani suna da makunnin da ba ya komawa aiki sai an sake dannawa. A shagon da babu irinsa, ƙa'idar tsofaffin kafintoci ita ce a zare fulogi da zarar fanka ta tsaya, a rataye shi a ƙusa inda kowa zai gani.