Riruwai: Yadda Wutar Narka Kuza Ta Mutu

Idan ana zancen kufai, hankalinmu kan tafi ga garuruwan da yaƙi ko fari ya watsa. Amma akwai kufan da sana'a ke bari idan ta mutu, kamar garuruwan niƙa dutsen azurfa na Nebada a Amurka, waɗanda suka watse da haƙar ta tsaya. Namu misalin yana kudancin Kano, a Riruwai ta Ƙaramar Hukumar Doguwa, sai dai mu kuza ce, ba azurfa ba.

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai ke wanke kuza a rafuka, su narka ta da gawayi da zugazugi, su zuba a siraran ramuka, ta fito sili-sili kamar tsinke. Fatake su kai ta kasuwar Kurmi da wasu kasuwanni, maƙera su saya. Da hare-haren Ningawa suka tsananta a ƙarni na 19, sai masu narkar da yawa suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauci, inda aka san mazauninsu da Riruwan Dalma.

Wannan silin kuzar ne ya tona asirin arzikin. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun gan shi a hannun fatake a bakin Binuwai, a 1902 kuwa aka turo masu neman tushensa. Ba a jima ba gwamnatin mulkin mallaka ta yanka wa kamfanoni filayen haƙa. Mai narka ya rasa inda zai ɗebi kuza, ya koma lebura. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya haɗa Zariya da Jos, ɗanyar kuza ta riƙa wucewa Ingila a narka ta can. Sai a farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkawa a Makeri, kusa da Jos. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar Landan, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu.

Riruwai dai gari ne da mutanensa, amma murahun narkar sun zama kufai. Mu da muka taso a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda jirgi da injinan gurzar auduga suka raya gari, ya kamata mu tambayi dattawanmu yadda masaƙa da marinan Maska suka ƙare, tun masu ba da amsar suna raye.